Yadda za ka hana littattafan ƙarin dokoki su cinye maka wasan tebur

Wata Lahadi bayan La'asar mun haɗu mu shida a ɗakin da muka saba a Agege, saman shagon wani yayanmu mai sayar da atamfa, an shimfiɗa tabarma an ɗora ƙaramin tebur, an aiko da shayi da biredi daga ƙasa. Ɗaya daga cikinmu tun daga Obalende ya taso, sai da ya ci goslo ya ƙoshi kafin ya iso. Ni ne jagora ranar, na kwana biyu ina tsara wani gari mai ganuwa da ƙofa ɗaya da 'yan gadi, duk tunanina su sha wahala kafin su shiga. Ana fara wasa sai ƙanin abokina, yaro ɗan shekara ashirin da wani abu, ya ce shi jaruminsa tsuntsu ne, yana tashi sama, ya tsallake ganuwar ya buɗe musu ƙofa ta ciki. Na ce tsuntsu kuma? Ya ce "Yaya wallahi yana cikin littafi." Na ce wane littafin? Ya ciro waya yana laluba, wani ma ya ciro tasa ya ce a'a ai an canza wannan dokar a wani littafin, kafin ka ce kwabo mutum uku kowa kansa a waya, shayi ya huce, aka kira Magariba ba mu jefa ƙwaya ko sau biyar ba. Mutumin Obalende bai ce komai ba, takalminsa kawai yake kallo.

Ga wanda bai san wasan ba, abin kamar tatsuniya ce da ake yi tare. Mutum ɗaya shi ne jagora, shi ke faɗin inda ake da abin da ke faruwa, sauran kowa na da jaruminsa a rubuce a takarda, mayaƙi ko ɓarawo ko mai sihiri ko mai warkar da rauni, in ka ce za ka yi wani abu mai haɗari sai ka jefa ƙwaya irin ta lido amma mai fuska 20 a ga ko ka dace. Wanda ya fi suna shi ne Dungeons & Dragons. Littafin dokoki shi ke raba gardama. Matsalar ita ce littafin ba ɗaya ba ne, kuma ba su daina haihuwa ba.

Tun farko ma haka abin ya taso. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a Amurka, 'yan ƙananan littattafai uku a cikin kwali ɗaya, dala 10. Shekara na zagayowa kamfanin TSR da ya buga wasan ya fitar da ƙari na farko, Greyhawk, ya bi shi da Blackmoor, 1976 wasu biyu suka biyo. Da bugu na biyu na babban wasan ya zo a 1989 sai abin ya zama ruwan sama, littafi na musamman don mayaƙi, wani don ɓarawo, wani don mai sihiri, ga duniyoyi kala-kala kowace da nata tarin littattafan, Dark Sun, Planescape, Ravenloft, Spelljammer, har da Al-Qadim mai kama da labaran dare dubu da ɗaya. Masu saye suka rarrabu, mai bin wannan duniyar ba ya sayen ta wancan, kaya suka taru a sito, bashi ya hau kamfanin har ya kasa biyan masu buga masa littafi, 1997 Wizards of the Coast suka saye shi. Za ka ce gani ga wane ya ishi wane, ina! Shekara ta 2000 aka fitar da bugu na uku tare da wani lasisi da ya ba kowa damar buga nasa littafin a kan dokokin wasan, kasuwa ta cika maƙil da masu kyau da tarkace, 2003 aka yi wa bugun kwaskwarima aka sake wani sabon jerin, littafin dodanni kaɗai sai da ya kai na biyar. Bugu na huɗu na 2008 shi kuma littafin ɗan wasa ma sai da aka yi na ɗaya da na biyu da na uku. Na biyar da ya zo a 2014 ya fara a hankali kamar mutumin kirki, amma shekara goma ba kwana goma ba ce, shi ma ya tara nasa, sannan daga 2024 zuwa farkon 2025 aka sake sabunta uwayen littattafan gaba ɗaya, wato na ɗan wasa da na jagora da na dodanni.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, duk wanda ya taɓa riƙe shago ya san shi. Uwar littafi sau ɗaya mutum zai saya, shikenan ya yi shekaru yana wasa da ita bai ƙara kawo maka sisi ba. Littafin da aka yi don jagora mutum ɗaya ne a cikin shida zai saya. Amma wanda aka cika da sababbin jarumai da sabon sihiri, wannan mutum biyar ɗin nan duk kwastomomi ne. Kuma ba wanda zai ciro kuɗinsa ya sayi abin da ya fi wanda ke hannunsa rauni, don haka sabon kaya yakan zo da ɗan ƙarin ƙarfi, na bayansa ya ɗara shi kaɗan, a haka a haka har wanda ya tsaya a kan uwar littafi ya koma kamar mai keke a kan titin Ikorodu. Ba na zagin kamfani, kasuwancinsu suke yi. Kai dai teburinka ba dole ba ne ya zama sitonsu.

To ga yadda muke yi yanzu tun bayan waccan Lahadin.

Abu na farko, kafin a fara kowane dogon labari muna yin zama guda wanda ba a wasa a cikinsa, zaman share fage muke ce masa. A nan ake yanke waɗanne littattafai ne suka shigo, a rubuta sunayensu a takarda ɗaya, a ɗauki hotonta a saka a guruf ɗinmu na WhatsApp a maƙale ta a sama yadda ba mai cewa bai gani ba. Abin da ba ya cikin takardar babu shi a duniyarmu, ko da kuwa kamfanin ne da kansa ya buga shi da tambarinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ka bari sai ranar wasa za a tattauna wannan to ka ga abin da ya same mu. Kuma jagora ne ke da maganar ƙarshe a kan takardar, ba don ya fi kowa ba, don shi ne zai ɗauki duk dokokin nan a kansa. Ɗan wasa jaruminsa ɗaya kawai ya sani, jagora kuwa sai ya san abin da mutum biyar za su iya yi kafin ya tsara ko da rijiya ce a hanya.

Rubuta shekarar littafin ma, kar ka tsaya a suna kawai, wannan mutane da yawa na mantawa. Littafin ɗan wasa na 2014 da na 2024 sunansu ɗaya amma cikinsu ya bambanta a wurare da dama, sihiri iri ɗaya mai suna ɗaya sai ka ga aikinsa ya canza. Tsuntsun ƙanin nan ma haka ne, aarakocra ake ce wa jinsin, a wani ɗan littafin kyauta na 2015 yana tashi ƙafa 50 a kowane zagaye, a littafin Monsters of the Multiverse na 2022 an rage shi ya koma daidai da tafiyarsa ta ƙasa, ƙafa 30. Kenan ranar nan su biyun duk gaskiya suka faɗa, kowa da littafin da yake kallo. Taura biyu ba ta taunuwa, ku zaɓi shekara ɗaya ku zauna a kanta har labarin ya ƙare.

Littattafai nawa za a bari? Akwai wata doka da ƙungiyar wasa ta kamfanin, Adventurers League, ta daɗe tana aiki da ita a da, cewa kowane ɗan wasa ya gina jaruminsa daga uwar littafi, wato littafin ɗan wasa, da ƙarin littafi ɗaya tak. Hikimar ita ce yawancin ɓarna ba daga littafi ɗaya take fitowa ba, daga haɗe-haɗe take, ka ɗauko jinsi daga nan, baiwa daga can, sihiri daga wani wuri, abubuwa uku da waɗanda suka rubuta su ba su taɓa gwada su tare ba. Dokar tana da kyau amma ni na ƙara matse ta. In kowa ya zo da nasa ƙarin guda ɗaya, mutum biyar littafi biyar kenan, kuma duk a kaina za su sauka, ni da nake tashi asuba in je aiki in dawo dare. Don haka mu ƙarin ɗaya ne na tebur gaba ɗaya. A wannan labarin da muke ciki uwar littafi ta 2014 ce da Xanathar's Guide to Everything na 2017, shikenan. Wani labarin in mun fara sabo sai a canza a ɗauko Tasha's na 2020 in an ga dama. Uwar littafin nan kanta shafi sama da 300 ce, da sana'o'in jarumi 12 irin su mayaƙi da ɓarawo da mai sihiri, ni ban taɓa ganin wanda ya gwada su duka har ƙarshe ba, amma sai ka ji mutum na cewa ta yi masa kaɗan.

Duk da haka wani zai zo da abin da ya gani ya ƙwallafa rai, kuma ba kyau kullum ka zama mai cewa a'a. Ƙofar a buɗe take amma ƙarama ce. Ya turo min shafin mako guda kafin zama, ba ranar ba, kuma ba bidiyon wani Bature a YouTube yana kururuta abin ba, shafin littafin nake so in karanta da idona. In na amince, shi zai je bizines senta ya buga shafin a takarda ya zo da shi ya ajiye a gabansa, saboda waya ita ce babbar mai kashe wasa, mutum ya buɗe don duba doka sai saƙo ya shigo sai ya tafi, ga batir ga NEPA.

In ina karanta shafin abin da nake dubawa ba yawan ɓarnar da zai yi wa dodo ba ne, wannan mai sauƙi ne sai in ƙara wa dodon ƙarfi. Ina duba ko abin zai goge wani ɓangare na wasan gaba ɗaya. Tashi sama tun matakin farko, wato tun jarumi bai fara hawa matakan ƙarfi ba, irin haka ne, a ƙa'ida mai sihiri sai ya kai mataki na 5 yake samun sihirin tashi, kuma na ɗan lokaci ne, to in wani yana da shi kyauta tun ranar farko ganuwa da kogi da rami da kura duk sun zama ado. Sai in duba ko zai ci wa wani sana'arsa, in sabon abin ya fi ɓarawon tebur iya sanɗa to me ɓarawon zai zo yi daga Mile 12? Sai kuma lokaci, wanda shi ne mutane ba sa lissafawa. Akwai wani sihiri, Silvery Barbs, daga littafin Strixhaven na 2021, ƙaramin sihiri ne na matakin farko amma yana tilasta wa wanda ya yi nasarar jifa ya sake jefawa ya ɗauki mafi ƙanƙanta, kuma ana yin sa ne a tsakiyar zagayen wani. Ka yi tunanin mutum uku a tebur na da shi, duk jifar da jagora ya yi sai an ce tsaya tukuna. Faɗan minti 20 sai ya koma awa ɗaya. Mu awa uku da 'yan mintuna muke da su tsakanin La'asar da Isha, a ciki a fitar da Magariba, kuma kowa na son ya kama hanya kafin dare ya yi nisa.

In abin ya tsallake wannan sai mu ba shi gwaji na zama uku. Ana faɗa a gaban kowa tun farko cewa gwaji ne, in ya ɓata wasa za a janye, mai shi zai canza da wani abu ba tare da ya rasa matakinsa ko kayansa ba. Faɗin nan tun farko shi ke hana ɓacin rai daga baya, don ƙwace wa mutum abin da ya riga ya saba da shi ya fi hana shi zafi.

A tsakiyar wasa kuma doka ɗaya ce, minti ɗaya. In gardama ta taso a kan wata doka mai ita yana da minti ɗaya ya nuna layin a takarda, in bai samu ba jagora ya yanke abin da ya ga ya dace a ci gaba, in abin ya rikice min nakan karkata wajen ɗan wasa. Bayan an tashi a duba a natse, in na yi kuskure in faɗa a guruf, zama na gaba a bi daidai, amma ba a komawa baya a tayar da wanda ya mutu. Na yi kuskure ya fi a ƙirga, ba wanda ya fasa zuwa saboda haka. Waɗanda suka daina zuwa zaman jiran a gama bincike ne ya kore su.

Yanzu ɓangaren da na fi so, kuma shi ya fi rage min sayen littafi. Yawancin abin da ake sayar maka a matsayin sabo tsohon lissafi ne aka sa wa sabuwar riga, to rigar kai ma za ka iya ɗinkawa. Ina son macijin rijiyar Kusugu a labarina, wanda ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a? Ban je neman littafin dodannin Afirka ba, na ɗauko lissafin ƙaton macijin da ke cikin littafin dodanni na ƙara masa jini na ba shi baki yana magana, 'yan wasa suka yi ta rawar jiki ba su san tsohon maciji ba ne. Ɗan dambe? Ga sana'ar mai faɗa da hannu nan a uwar littafi, ka naɗa masa zare a hannu ka sa masa makaɗi a baya yana masa kirari. Maharbi mai layu da kare, ɗan tauri, 'yan fashin da ke tare ayarin fatake, dodon kogi, wani maƙetaci mai wayon Gizo, duk ba su buƙatar doka ko ɗaya sabuwa. Ba wai ƙarin littattafai duk banza ba ne, lasisin nan na 2000 shi ya ba da dama aka buga Nyambe a 2002, duniyar da aka gina kan tatsuniyoyi da tarihin Afirka, kuma irin waɗannan na labari da taswira ba sa dame tebur, jagora ya karanta ya tsinci abin da yake so. Waɗanda ke ƙara wa ɗan wasa maɓallan dannawa su ne abin sa wa ido.

Maganar kuɗi kuwa, babban littafi ɗaya mai bango mai tauri kusan dala 50 ne, ka tambayi 'yan canji nawa kenan yau, ka ɗora kuɗin kawowa Legas. Kafin in sayi wani yanzu sai na bar shi ya yi wata biyu a raina, in kuma iya faɗin takamaiman shafukan da zan yi aiki da su a zama na gaba. In amsar ita ce "wata rana zai yi amfani" to na bar shi. Ina da guda uku a kan kwaba da na saya lokacin zumuɗi, ɗaya ma ƙurar harmatan ce kawai ke karanta shi. Wanda zai fara kuma kar ya sayi komai tukuna. Kamfanin ya saki ƙananan dokokin bugu na biyar kyauta tun 2014, sana'a huɗu jinsi huɗu, daga mataki na 1 har 20, sun isa a yi shekara ana wasa. Bayan rigimar lasisi ta Janairun 2023, da suka so canza shi mutane suka yi musu ca, sun saki gundarin dokokin a ƙarƙashin Creative Commons yadda kowa zai iya amfani da su. Pathfinder, wani wasan irin wannan na kamfanin Paizo, shi ma yana da tarin littattafai kamar me, amma dokokinsa na nan kyauta a shafin Archives of Nethys, sai dai fa a nan ne takardar share fage ta fi zama dole, don komai na gaban kowa a buɗe, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

In kuma kun gaji da lissafin gaba ɗaya ku huta da ƙaramin wasa na mako biyu. Basic Fantasy kyauta ne a intanet kuma salon da ne mai sauƙi, Lasers & Feelings shafi ɗaya ne duk dokarsa. Mun taɓa yin sa ranar da ruwa ya hana mutum biyu zuwa, mu huɗu, aka yi dariya har yayanmu ya leƙo daga shago yana tambaya lafiya.

Saura wanda ya riga ya kashe kuɗinsa. Kar ka yarfa shi a gaban mutane, yawanci shi ne ya fi kowa son wasan, shi ya sa yake karanta abin da ba a sa shi ba. Ƙanin nan na kira shi a waya daren Litinin na ce ƙanina tsuntsun nan naka ya fi ƙarfina, ya yi dariya ya ce Yaya to ya za a yi. Muka shirya a kan cewa jaruminsa tsuntsu ne har yanzu amma an karya masa fiffike tun yana ƙarami, yana iya saukowa daga sama a hankali ba ya iya tashi, sai ya kai mataki na 5 zai warke, kuma wanda ya karya masa fiffiken shi ne sarkin garin nan mai ganuwa. Yanzu shi ya fi kowa matsa min a koma garin. Na kuma ce masa labari na gaba shi zai yi jagora, ya buɗe duk littafin da yake so. Ya amsa da murna, bayan kwana huɗu ya turo takardarsa a guruf, littafi biyu ne a jiki.